Inci Huɗu a Ƙafar Wando

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin bayan tasha ya san Tela. Shagonsa yana tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, kuma tun daga bakin titi za ka hango shi a bayan keke: gajeren mutum mai faɗin ƙirji, da tef ɗin awo rataye a wuya. Matarsa takan ce da tef ɗin aka haife shi a madadin cibiya. A kan matakin kekensa akwai wani guntun katako da ya ɗaure da waya don ƙafarsa ta kai ba sai ya zamo bakin kujera ba. Ba a yin maganar katakon nan. Wani da ya taɓa yi masa dariya, sai da wandonsa ya yi ƙura a rataye kafin a gama masa shi.

A wajen aiki ba ka da abin faɗa a kansa. Ɗinkinsa ba ya farkewa, aljihunsa ba ya karkacewa, kuma bai cika saɓa alkawari ba, abin da ga tela ya isa a yi shela. Ciwonsa a duniya guda ɗaya ne, kuma ciwon yana tafiya ne a kan dogayen ƙafafu biyu, yana kiransa Yaya.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke da ƙanin nasa. Mahaifinsu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogon mutum da sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Mahaifiyarsu kuwa da kyar ta kai hammatarsa. Tela ne ɗan fari, saboda haka tun yana ƙarami ya sa a ransa cewa tsayin uban nasa ne, ajiye masa kawai aka yi sai ya girma. Ƙanin ya taso yana binsa a baya, yana saka kwancen kayansa, kamar yadda ya kamata. Sai wata shekara kwancen ya juya. Mahaifiyarsu ta ɗauko wandon ƙanin da ya ɗage masa, ta miƙa wa wan, ta ce ai da sauransa, kada a yi asara. Ita kafin la'asar ta manta da zancen. Shi kuwa har ya yi furfura yana iya gaya maka launin wandon da inda aka yi masa faci a gwiwa.

Daga nan unguwa ta laƙaba wa ƙanin Dogo, sunan ya bi shi. Baƙo in ya zo, Dogo yake fara gaisarwa. Ƙwan fitila ya mutu, a kira Dogo. Ƙwallo ta maƙale a kan rufi, a kira Dogo. Tela ya haddace duk wani karin magana da ke rage wa mai tsayi daraja, yana jefawa a duk inda ya samu kafa: komai tsawon wuya kai ne bisa, gajere ba yaro ba, dogo da hankali dace ne. Abin takaicin shi ne an yi dacen. Dogo yana da hankali, ga sanyin hali, in wan ya harbe shi da magana sai ya yi dariya ya ce gaskiyar Yaya ce. Babu kuwa abin da ke ƙona ran mai hassada kamar wanda ake yin ta dominsa ya ƙi lura.

Hassada ce, babu wani suna da za a sa mata. Ba ta fatan sharri ba ce, don da za a taɓa Dogo, Tela ne zai fara ɗaukar almakashi. Irin wadda ke zaune a ƙirji ce tana ƙirga duk abin da ɗan'uwa ya samu. Dogo ya zama mai fenti, yana tsaye a ƙasa yake kai rolar fenti inda wasu sai sun hau tsani. In ya zo shago hira yakan yi kukan ciwon baya, da rashin gadon da zai miƙe a kai, da takalmin da sai an zaga kasuwa ba a samu lambarsa ba, da yadda gwiwoyinsa ke shan wuya a motar haya. Tela yakan saurara yana taka keke, zuciyarsa tana cewa ko ciwon bayan ma ai na masu baya ne. Akwai ranar da Dogo ya buga goshi a saman ƙofar shagon har ya kumbura. Tela ya ba shi man shafawa, ya yi masa sannu, amma a ransa ya so a ce shi ma ya taɓa buga goshinsa a saman wata ƙofa ko sau ɗaya.

Da yake mutum ne mai lissafi, sai ya zauna ya yi wa abin lissafi. A ganinsa tsayi abu ɗaya ne dunƙule, kamar gida ko keken ɗinki: uba yana da shi, ɗa ɗaya ya gaje shi. Nasu ya tsallake babba ya faɗa wa ƙarami, an yi masa ƙwace tun ba shi da bakin magana. To, abin da aka rasa ta ƙofar gado, ai ana iya shigo da shi ta ƙofar aure.

Wata rana wata tsohuwa ta kawo yadi da tsohuwar doguwar riga, ta ce ta jikarta ce, a yi mata sabuwa daidai da wannan. Tela ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ta cika teburin ta zubo. Ya auna, ya sake aunawa. Bai ga fuskar mai rigar ba, bai ji muryarta ba, amma kafin tsohuwar ta kai bakin titi ya riga ya yanke shawara. Ya gama ɗinkin da wuri, ya ce shi zai kai da kansa. Da mai rigar ta fito karɓa, sai da ya ɗaga kai kamar mai duba hadari. Allah ya taimake shi ta kasance mace mai raha da haƙuri, ta kuma gane shi tun ranar. Har yau in ya ɓata mata rai takan ce ai ita ba aurenta ya yi ba, tsani ya saya. Shi kuma ya ce tsanin da ya fi mai shi baki. A haka suka zauna, kuma zaman ya yi daɗi fiye da yadda lissafin ya cancanta.

Haihuwar fari mace ce. Ta taso siririya, ta yi ta miƙewa, ta wuce shi, ta kusa kamo uwar. Tela ya so 'yarsa, amma yakan dube ta ya girgiza kai ya ce tsayi ya yi ɓatan hanya. Dogo kuma, don a ƙara masa haushi, ya je ya auro wata 'yar guntuwar mace da ko tsakiyar ƙirjinsa ba ta kai ba, ba tare da ya yi wani lissafi ba. Suka haifi 'ya'ya mata, wata doguwa, wata matsakaiciya, wata kamar uwar, in sun jeru sai ka ce matakalar bene. Namiji dai Allah bai ba Dogo ba.

Sai aka haifa wa Tela namiji. Ma'aikaciyar asibitin da ta naɗe shi ta ce, cikin hira kawai, yaron nan akwai dogayen ƙafafu. Maganar da ta faɗa ta wuce, Tela ya ɗauke ta kamar takardar shaida. Ya fito yana gaya wa duk wanda ya tare shi cewa falwaya aka haifa masa, irin wadda ake ɗaura wa wayar lantarki. Layin bayan tasha ba ya barin irin wannan ta faɗi ƙasa. Kafin yaron ya fara rarrafe, kowa Falwaya yake kiransa.

Kowane tela in zai ɗinka wa yaro wando yakan bar ɗan rara a ƙafa, inci ɗaya ko biyu, ya kalmashe shi ciki, don in yaron ya ƙara tsayi a warware a sake. Tela inci huɗu yake bar wa Falwaya. Yakan ninke shi da kyau, ya bi shi da ɗinki biyu, ya danne da dutsen guga har ya kwanta. Daga waje ba ka ganin komai, amma ƙafar wandon takan yi nauyi, tana dukan idon sawu a kowane taku. Da damina ta kwashi taɓo, in an wanke kuma ko'ina ya bushe sai ita. Uwar ta yi magana, ya ce ita ba ta san yadda ɗan dogaye ke miƙewa ba, dare ɗaya za a wayi gari wando ya zama gajere.

A jikin katakon ƙofar shagon, ta ciki, yake awon yaron. Ya tsayar da shi ba takalmi, ya ce ya manna diddige, ya ɗora masa rula a ka, ya ja layi da biro. Ya ɗura masa madara da ƙwai har yaron ya tsani warinsu. Ya sa shi lilo a ƙarfen rumfar shago wai don ƙashi ya saki. A shekarun farko layukan suna hawa da tazara, Tela yana warware kalmasa yana waƙa. Daga baya tazarar ta fara matsewa. Layi ya hau kan layi, har wurin ya zama baƙin tabo guda. Falwaya ya tsaya da ɗara ubansa da kamar yatsu biyu, ya tsaya ke nan.

Yaro ne mai kyan gani, kakkaura, mai hannun aiki, ba gajere can ba kuma ba dogo ba, irin mutanen da suka cika kowace motar haya. Amma sunansa Falwaya, kuma a makaranta ba a bar shi ya manta ba. Uban kuwa bai sallama ba. Ya ji an ce wasu sai sun haura ashirin suke yin tsayin ƙarshe, ya riƙe wannan. In yaron ya shigo shago, kafin ya amsa gaisuwarsa idonsa ya riga ya tafi saman kansa, daga nan ya koma kan tabon ƙofa. Wando kuma duk wanda ya ɗinka masa, inci huɗun nan suna ciki.

'Yar tasa, wadda a lokacin take koyon aikin jinya, ita ce ta taɓa zaunar da shi. Ta ce masa tsayi ba abu ɗaya ba ne da ake miƙa wa ɗa ɗaya a hana ɗaya. Ta jawo buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburinsa, ta ce ya ɗauka shi da Mama kowa yana da irin wannan buhun, cike da 'yan ƙananan ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa, wasu suna ƙara tsayi kaɗan, wasu suna ragewa kaɗan. Kowane ɗa rabi yake samu daga nan, rabi daga can, ba tare da an zaɓa masa ba, sai abin da suka taru suka bayar, ga kuma abinci da lafiyar ƙuruciya su sa nasu hannun. Shi ya sa yawancin mutane suke faɗawa tsakiya, shi ya sa 'ya'yan Baffa Dogo suka fito hawa-hawa, haka ma hasken fata yake. Ta ce shi kansa yana ɗauke da wasu dogayen ƙyallayen kakansu, ba su dai taru da yawa a jikinsa ba ne.

Tela ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da ta gama ya ce ya gane sarai. Wato buhu ɗaya aka ajiye musu shi da Dogo, shi ya fara sa hannu, amma Dogo ne ya kwashe dogayen. Ta tattara littattafanta ta tafi.

Da Falwaya ya gama makaranta, uban ya share masa wuri a shago, ya gyara tsohon keke ya ajiye masa. Yaron ya ce shi fenti zai koya wurin Baffa. A nan hassadar Tela ta sami sabon abinci, wanda ya fi na da maiƙo. Kullum da safe Dogo zai tsaya a bakin layi da babur, bokitai rataye, ya ce, "Ɗana, mu tafi." Bai taɓa kiransa Falwaya ba, ko sau ɗaya. Yaron da a gida sai an yi da gaske ake jin muryarsa, a bayan babur ɗin nan dariya yake yi har da dukan cinya. Da yamma ya dawo da ɗigon fenti a gashi, bakinsa cike da Baffa ya ce, Baffa ya yi. Tela ya fassara abin yadda ya saba fassara komai: yaron yana kunyar gajeren uba ne, ya je ya nemi dogo. Yana zaune a bayan keke yana kallonsu suna wucewa, zare yana tsinkewa a hannunsa.

Shekaru suka tafi a haka. Falwaya ya ƙware, har ana ba shi aiki shi kaɗai. Ya sami yarinya, aka sa rana. Tela ya zuba ido yana jiran yadin kayan ango, don ko maƙiyinsa ya san babu mai yanka wando kamarsa a layin. Rana tana matsowa, yadi bai zo ba. Sai mai wanki da guga, wanda bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya ce ya ga Falwaya a shagon wani tela a can tsallaken titi yana tambayar farashi. Tela ya ci gaba da taka kekensa. Ranar dai ya ɗinke aljihun wani bawan Allah ta baibai, abin da bai taɓa yi ba.

Ana cikin haka Dogo ya ce ba zai yiwu a yi biki baƙi su ga shagon Yaya da tsohon fenti ba. Suka zo ranar hutu shi da yaron, suka fitar da kaya, suka shafe shagon ciki da waje. Washegari Tela ya buɗe, ko'ina fes, sai ƙamshin sabon fenti. Ya juya zai rataye makulli, idonsa ya sauka a katakon ƙofa. Babu layi ko ɗaya. Tun daga na ƙasa, na lokacin da yaron yake kama ƙafarsa ya tsaya, har baƙin tabon sama, duk an shafe.

Bai ko cire murfin keke ba. Ya rufe shagon, ya nufi sabon ginin da suke aiki, yana tafe yana jera maganganun da ya tara tun ranar wandon kwance. Ya tarar da Dogo shi kaɗai a wani ɗaki da ba kowa, an shimfiɗa tsoffin jaridu a ƙasa, yana tsugune yana gauraya fenti da sanda. Yaron ya fita sayo kananzir. Ko a tsugune Dogo ya kusa kai masa kafaɗa, wannan ma ya ƙara masa wuta.

Tela ya ce masa tsayin Baba ya kwashe, shi Tela bai yi magana ba. Gaisuwar baƙi ya kwashe, bai yi magana ba. Ya ɗauke masa ɗa ya ɗora a bayan babur, ya haɗiye. Yanzu kuma ɗan abin da ya rage masa a jikin ƙofa, shi ma ya tsone masa ido.

Dogo ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Yaya, ba ni na shafe ba. Yaron ne ya ce in bar masa ƙofar. Sau uku ya bi wurin, don biron yana ta fitowa."

Yana faɗa yana goge hannu da tsumma. Tela ya buɗe baki zai ƙaryata, sai idonsa ya tsaya a kan tsumman. Yadi ne ruwan toka mai siririn zane, a zagaye kamar awarwaro, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ga sawun ɗinki biyu a gefensa. Ya karɓa ya juya shi. Ya san yadin, shi ya zaɓo shi. Ya san ɗinkin, don babu mai bin kalmasa sau biyu haka sai shi. A gefen Dogo akwai tsohon bokiti cike da tsummokara. Ya durƙusa ya fara zarowa ɗaya bayan ɗaya: baƙi na kammala makaranta, ruwan ƙasa na bikin yayarsa, shuɗi mai kauri da ya ce zai yi masa ƙarko a wurin aiki. Duk ƙafafun wanduna ne, duk inci huɗu, duk sun sha fenti.

Dogo ya ba shi labarin a hankali, ba tare da ya dube shi ba. Tun yaron yana makaranta ya fara zuwa gidansa da sabon wando a leda da reza a aljihu. Dogo ya karɓe rezar don kada ya ɓata yadin, ya yanke masa da almakashi, matarsa ta kalmashe da allura. Tun daga nan duk wandon da aka ɗinka masa sai ya bi ta gidan. Ya taɓa tambayarsa abin da ya sa ba zai gaya wa uban ba, yaron ya ce ba zai iya kallon idon Baba ya ce masa ya gama tsayi ba.

"Cewa ya yi duk takun da ya yi, yana jin abin da kake jira yana dukan idon sawunsa," in ji Dogo. Sannan ya ƙara, "Wallahi Yaya, da tsayin nan ana yankawa, da tuni na cire maka inci huɗun ka huta, ni ma bayana ya huta."

Tela ya ji haushin wannan ma, don ga Dogo ya sake fin shi, wannan karon da kyauta. Amma abin da ya fi cinsa daban ne. Shi da yake gane ɗinkin wani tela daga tsallaken titi, shekara da shekaru ɗansa yana shiga gidansa da kalmasar hannun wata, ɗinkin allura mai karkace, bai taɓa gani ba. Bai gani ba ne domin bai taɓa kallon ƙafar yaron ba, kullum saman kansa yake kallo. Ya cusa tsumman ruwan tokan a aljihu, ya fita bai yi sallama ba.

Da kansa ya je kasuwa ya sayo yadi mai kyau, ya aika a kira masa yaron. Falwaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ja jikinsa nesa da katakon kamar yadda ya saba. Uban ya ce ya matso tsakiyar shago. Ya durƙusa a gabansa, ya sa tef daga ƙugu zuwa idon sawu, ya karanta abin da tef ɗin ya ce, ya rubuta shi yadda yake. Ya shimfiɗa yadin, ya ja layi da alli. Hannunsa da kansa ya zarce ƙasa zai ƙara na kullum, sai da ya dawo da shi. Ya bar inci ɗaya, irin na kowane baligi. Ya daɗe riƙe da almakashi a kan layin, yaron yana tsaye yana kallo, sannan ya yanke. Guntun ya faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka.

Ranar gwaji Falwaya ya sa wandon, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya zauna a benci, ya juya ƙafar wandon ya duba ciki, ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa.

"Ya yi daidai, Baba," ya ce.

"Ai na iya awo," in ji Tela, yana neman wani abu a cikin durowa da shi ma bai san mene ne ba.

Kada a ɗauka hassadar ta warke. A hoton biki Dogo ne a tsakiya ta baya, kansa ya fi na kowa, kuma Tela ya lura cewa hannun Dogo ne a kafaɗar ango. Hoton yana rataye a shago, amma kalanda ta ɗan rufe gefe guda.

Bayan shekara aka haifa wa Falwaya 'ya mace. Da hantsi Tela da matarsa suka tafi ɗakin da yaron yake haya, a saman wani shagon kayan gini. A bakin ƙofa suka tarar da shi, idanunsa ja don rashin barci. Ya gaishe su, amma bai kauce daga ƙofar ba. Ba fuskar uban yake kallo ba, wuyansa yake kallo. Tela ya shafa ya ji tef. Ya cire shi, ya naɗe a yatsu, ya sa a tafin hannun ɗansa, sannan aka ba shi hanya. Wuyan ya yi masa wani iri, kamar ya fito ba riga.

Ɗakin cike yake da mata. Ana cikin gaisawa sai ga Dogo, ya buga goshi a saman ƙofa kamar kullum, aka yi dariya. Aka buɗe jaririyar ana canza mata zani, wata ta ce ku dubi ƙafafu, wata ta ce ai wannan Baffa ta ɗebo, ba tambaya, har yatsun. Dogo yana murza goshi yana washe baki.

Tela ya zuba wa jaririyar ido. Ya ga ƙafafun tun kafin kowa ya gani, idonsa ya riga ya auna su. In ma dogayen ne, ta ina suka biyo? Ba ta jikinsa suka bi ba, shi da matar da ya auro da lissafinsa? Ai 'yarsa ta faɗa, dogayen ƙyallayen suna cikin buhunsa. Abin da ya jira tun yana yaro ya iso gidansa, kuma a gabansa ana rubuta shi da sunan Dogo. Maganar ta zo har bakinsa, da sabon laƙabi ma a bayanta. Sai ya ɗaga ido ya ga ɗansa a jikin bango, tef ɗin a dunƙule a hannunsa, yana jiran abin da zai fito.

Aka miƙa masa jaririyar. Ya ja zanin ya rufe ƙafafun, ya dubi fuskarta.

"Tana da kyau," ya ce. "Allah ya raya ta."

Sauran maganar sai da ya ciji harshe ya haɗiye ta. Da suka tashi tafiya yaron ya rako su har ƙasan bene. A nan ya warware tef ɗin, ya rataya wa uban a wuya da hannunsa, ya ce gobe zai kawo yadi a yi mata 'yan riguna.

Tela ya gyara zaman tef ɗin, ya tambaya ba tare da ya ɗago ba, "Nawa zan bari a ƙasa?"

"Yadda kake bar wa 'ya'yan kowa, Baba."